In Ka Ce Za Ka Kawo Rake, Ka Kawo

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Shinkafi. Wani magidanci ya turo babur daga zaure, ɗansa mai shekara huɗu ya riƙe masa gefen riga yana kuka, shi ala dole sai an tafi da shi. Uban ya sunkuyo ya ce, "Yi shiru, koma wurin innarka. In na dawo zan kawo maka rake." Yaro ya saki riga, ya share hawaye da bayan hannu, ya shige gida. Tun la'asar ya fito ya zauna a ƙofa, duk ƙarar babur da ya ji sai ya miƙe tsaye. Dab da magariba uban ya iso da kayan cefane, babu rake, bai ma tuna ya yi maganar ba. Da yaron ya tambaya, sai aka daka masa tsawa: "Kai ba ka da zance sai na ci?"

Ina zaune a dakalin maƙwabci, na ga farkon abin, na kuma ga ƙarshensa. Mutumin nan ba mugu ba ne, a kan iyalinsa yake wahala dare da rana. Amma a yinin nan guda ya koya wa ɗansa abin da zai daɗe bai manta ba: maganar babba dabara ce ta rufe bakin yaro, kuma Alhamis mai zuwa kada ya kuskura ya saki rigar.

Duk majalisar da ka zauna, daga Kaura Namoda har Zurmi, kukan ɗaya ne: yaran yanzu ba sa jin magana. Wani ya ɗora laifin a kan waya, wani a kan finafinai, da yawa kuma su ce ai don an daina duka ne. Ni dai ban ga inda aka daina duka ba. Dorina tana nan a makarantu, tsumagiya tana nan a tsakar gida, takalmi ma yana tashi sama in rai ya ɓaci. Abin da na ga ya yi ƙaranci shi ne tsayuwar magana: a ce za a yi, a yi, a ce ba za a yarda ba, a ƙi yarda yau, a ƙi gobe, a ƙi jibi. Yaro yana jin magana ƙwarai. Ya dai gwada ta ne sau da dama, ya tarar ba ta da nauyi.

Dubi abin da ke faruwa a tsakar gida. Uwa tana tankaɗe, yaro yana tsoma hannu a randa. Ta ce bari, bai bari ba. Ta ce, "In nit tashi sai ka raina kanka." Ba ta tashi ba. Ta sake faɗa, ta haɗa da rantsuwa, ta ce za ta karya shi, ta ce dodo na zuwa, ta ce bari babansu ya dawo. Sau bakwai ana haka ba abin da ya biyo baya. Rana ta takwas, akuyar maƙwabta ta shigo ta ɓarar da gari, ko maigida ya fita bai bar kuɗin cefane ba, sai yaron ya taɓa randar nan kamar kullum, a rufe shi da duka kamar an kama ɓarawo. Me ya koya? Bai koyi cewa wasa da ruwan sha laifi ba ne, domin ya yi sau bakwai lafiya lau. Ya koyi cewa haɗarin yana cikin fuskar inna. Daga ranar zai ƙware wajen karanta fuska: in an sake, ya yi abin da ya ga dama, in an ɗaure, ya laɓe. Irin wannan yaron ne ke girma ya zama mutumin da ke gyara aiki in shugaba na kallo, ya watsar in an juya baya.

Ɗaya gefen kuma ya fi wannan ɓoyuwa. Yarinya ta ce a ba ta kuɗin alewa, aka hana. Ta yi kuka, aka hana. Ta faɗi tana birgima, baƙi na zaune, kunya ta kama uwa, ta kwance bakin zane ta miƙa mata. Uwar tana ganin ta sayi zaman lafiya da 'yan kuɗi kaɗan, alhali birgimar ta biya wa lada. Masana halayya sun daɗe da gane wannan. B. F. Skinner na Jami'ar Harvard a Amurka ya yi shekaru yana gwaji da tattabaru, a 1957 shi da abokin aikinsa suka fitar da littafi guda a kan batun. Sun ga cewa tattabarar da ake ba hatsi duk lokacin da ta caki maɓalli, da an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. Wadda kuwa ake ba jefi-jefi, ba ta san yaushe zai zo ba, ita ce ke ta caka ba ji ba gani ko da hatsin ya ƙare. Abin da ke riƙe ɗan caca a wurin caca ke nan. Uwar da ke hanawa sau huɗu ta bayar a na biyar, ita ce ke raino birgimar da ta fi kowace wuyar kashewa. Da ta san za ta bayar, gara ta bayar tun tambayar farko, lokacin da aka roƙa da ladabi.

Akwai wani gwaji da nake so kowane uba ya ji labarinsa. A 2012 Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka ɗauki yara 28, masu shekara uku zuwa biyar, suka raba su gida biyu. Kowane yaro aka ba shi tsofaffin kayan zane, aka ce ya jira za a kawo masa sababbi. Rabin yaran aka cika musu alkawari, rabin aka dawo hannu rabbana ana ba su haƙuri. Aka sake yin haka karo na biyu. Daga nan aka ajiye wa kowa alewa ɗaya, aka ce in ya daure bai ci ba har a dawo, za a ƙara masa wata. Yaran da aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12 a tsakaice. Waɗanda aka saɓa wa, minti uku kacal. Cikin 14 na rukunin farko, tara sun jira har ƙarshen minti 15 ɗin. A ɗaya rukunin, yaro ɗaya tak. Saɓa alkawari sau biyu, daga baƙon da ba su taɓa gani ba, ya isa ya rushe haƙurin yaro. To ina ga wanda uban da ya haife shi ke saɓa masa kowane mako? Muna cewa yaro ba shi da haƙuri, ba ma tambayar wa ya nuna masa cewa jira ba ya da riba.

Ba sai mun je Amurka ba kafin mu san wannan. A cikin Sunan na Abu Dawuda akwai labarin sahabi Abdullahi ɗan Amir, yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta abin da ta yi niyyar bayarwa, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Ƙarya fa, a kan dabinon da aka yi wa yaro alkawari. Mu kuwa mun mai da "zan sayo maka" abin rarrashi, kamar yaro ba ya cikin waɗanda ake jin kunyar yi wa ƙarya. Anas ɗan Malik ya yi shekara goma yana hidima a gidan Annabi tun yana yaro, ya kuma ba da shaidar cewa ba a taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba.

Masu kare dorina sukan yi saurin kawo hadisin salla, na umartar yara suna da shekara bakwai da ladabtar da su in sun kai goma. Ina roƙon su su yi lissafin abin da ke tsakani. Shekara uku, salla biyar kowace rana: tunatarwa fiye da dubu biyar kafin a zo maganar horo. Wane ne a cikinmu ya tashi ɗansa da asuba, ya kama hannunsa zuwa masallaci, ya maimaita har sau dubu biyar, sannan ya tarar yana buƙatar bulala? Mun tsallake shekara ukun, mun rungumi ƙarshen hadisin.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ma ba su bar abin sakaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 870 Miladiyya, ya rubuta littafi kan ladubban malaman makaranta. Ya iyakance bulala ga uku sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska, ya hana malami duka don huce haushinsa, ya hana a tsare yaro daga abincinsa. Imamu Gazali a cikin Ihya ya ce a yaba wa yaro a gaban mutane in ya yi abin kirki, a kau da kai daga kuskurensa na farko musamman in yana ɓoyewa, in ya maimaita a yi masa faɗa a keɓe, kuma kada a yawaita faɗan, domin kunne na sabawa har ya daina jin zafinsa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya tafi nesa da haka: ya ce tsanani ga mai koyo yana koya masa ƙarya da yaudara, saboda tsoro na sa shi nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Sama da shekaru ɗari shida bayan haka, a 2016, Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekara hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, suka tarar dukan yara yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai da faɗa. Ra'ayina a fili yake: duka yana tsayar da laifi na minti biyar, ba ya dasa hali. Abin da ke dasa hali shi ne yaro ya san tabbas abin da zai biyo bayan aikinsa, ko da abin ƙarami ne.

Kakana manomin gyaɗa ne a gefen Kaura, zamanin da ake kai amfanin gona tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe tun 1929. Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ga yaro ba, kuma ban taɓa ganin gidan da ake shakkar maigida kamar nasa ba. Dokarsa a gandu ɗaya ce: wanda ya fito aiki a kan lokaci duk damina, za a yanka masa gayauna, abin da ya noma a ciki nasa ne, ya sayar ya yi kayan salla ko ya sayi ɗan akuya. Wanda ya yi lalaci, babu zagi babu duka, gayauna ce dai ba zai gani ba sai baɗi. Wata shekara hukuncin ya faɗa kan ɗan da ya fi so. Iyayen gida suka yi ta roƙo, ya ce ya riga ya faɗa tun kafin shuka. Yaron ya ga 'yan'uwansa suna auna gyaɗarsu a kasuwa, shi yana tsaye. Damina ta gaba shi ke riga kowa isa gona. Abin da na fahimta daga baya shi ne, kakan nan ya faɗi sharaɗi tun ba a yi laifi ba, hukuncin ya fito daga jikin laifin, kuma da shekara ta zagayo ya yanka masa gayaunarsa bai sake tayar da zancen ba.

Al'adarmu cike take da irin wannan tsari, mu ne muka daina lura. Tukuicin ɗan aike, tsarabar matafiyi, kazar da ake ba yarinya ta yi kiwo. A makarantar allo yaro ya san in ya kai wata sura za a yi sadaka a gida, ya san ranar sauka za a yi wa allonsa zayyana, a zaga da shi dangi. Tun yana kan babbaƙu yake hango ranar. Ba wanda ya taɓa jin an yi wa yaro walimar sauka don ya yi birgima, ko an hana wanda ya sauke don malam ya tashi da fushi.

Wurin da abin ya fi wuya shi ne gidan da hannaye suka yi yawa. Ɗa na kowa ne, haka muka gada, kuma gado ne mai kyau. Amma in uba ya hana, uwa ta bayar a ɓoye. In uwa ta hukunta, kaka ta janye jikanta ɗaki ta ba shi ƙuli tana cewa a bar mata mijinta. In ɗan wannan ɗaki ya fasa kwano a ce ƙuruciya, in na wancan ɗakin ne a ce halin uwarsa ya ɗauko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba wanda ya kai yaro sanin inda tsagar take. Na fi jin zafin bambancin da ake yi tsakanin 'yan uba, da wanda ake nuna wa ɗan riƙo da maraya. Yaron da ya ga laifi ɗaya yana da hukunci biyu ya daina yarda akwai doka, sai dai gata. Gabar da ake kai wa gaban alƙali ranar rabon gado, sau da yawa a kan kwanon da aka fasa shekara talatin baya ta fara. Maigida ya tara matansa da mahaifiyarsa, a cikin girmamawa, a yarda da dokoki uku ko huɗu da kowa zai tsaya a kansu. Dokar da ta wuce haka yawa, manyan ma ba za su iya riƙe ta ba.

Na san abin da mai karatu a Zurmi ko Shinkafi zai ce: malam, muna ta kanmu, kana zancen rake. Gaskiya ne, ba a tarbiyya a sarari, a cikin ƙasa ake yin ta, kuma ƙasarmu ta sha wuya. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumban shekarar aka rufe makarantun jiharmu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya. Akwai yaran da suka kwana a gida uku cikin shekara ɗaya, daga ƙauye zuwa gidan dangi zuwa kango a bakin gari. Akwai waɗanda suka ji manya na haɗa kuɗin harajin da 'yan bindiga suka ɗora kafin a bari a girbe gona. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, domin darasi ne na lada da hukunci da aka juya kansa ƙasa: mai gaskiya yana biya, mai ɓarna yana karɓa, yaro kuma yana kallo. Dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a kan ilimi a watan Nuwamban 2023 za ta iya gyara azuzuwa, amma ba za ta shiga tsakar gida ta goge wannan darasin ba.

Saboda haka ne ma nake ganin zancen raken ya fi muhimmanci a nan fiye da ko'ina. Yaron da duniyarsa ta waje ba ta da tabbas yana buƙatar wuri ɗaya da gobe take kama da yau. Ko a gudun hijira ake, ana iya tsayar da lokacin kwanciya, da gaisuwar safe, da wanke hannu kafin ci, da karatun allo bayan magariba. Kuma a sani, yaron da ya ji harbi da dare, in ya koma fitsarin kwance, ko ya riƙa firgita, ko ya zama mai saurin kai hannu, tsoro ne ke cin sa. A jawo shi jiki tukuna. Bulala a kan tsoro ƙarin tsoro ce.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo da babbar murya: kada a hukunta yaro da yunwa. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A irin wannan wuri, "yau ba za ka ci tuwo ba" zalunci ne. Sau da yawa ma rigimar da muke kira rashin ji, cikin ne babu komai. A hana shi fita wasan dandali na yamma ɗaya, a sa shi ya ɗebo ruwan da ya zubar, ya share inda ya ɓata, ya je da ƙafarsa ya ba wanda ya zalunta haƙuri. A yi shi nan take, a yi shi daidai girman laifin, in an gama a gama. Tsinuwa da "ɗan banza" da "ba za ka yi albarka ba" kuwa, bakin uwa ya fi ƙarfin a yi wasa da shi haka.

Game da lada, kada wani ya ce talauci ya hana shi. Ba ina nufin a riƙa biyan yaro a kan kowane motsi ba. Wannan ma ɓarna ce. A 1973 Mark Lepper da abokansa a Jami'ar Stanford sun ga yaran da ke son zane don kansu, da aka fara yi musu alkawarin kyauta a kansa, sai sha'awarsu ta ragu bayan an janye kyautar. Yaron da aka saba ba kuɗi kafin ya je aike, ranar da babu kuɗi babu aike. Ladan da ya fi tasiri ba a saye shi a kasuwa. Ka gan shi ya ɗauki butar kakansa ba a sa shi ba, ka kira sunansa, ka faɗi abin da ya yi, ka ce Allah ya yi maka albarka. Mu Hausawa muna da kunya, har uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba kuma yana ganin yabon ɗa a gabansa zai fasa masa kai. Sai ya zama yaro ya yi abin kirki goma ba wanda ya tanka, ya yi ɓarna ɗaya gida ya ɗauka. In ta hanyar ɓarna kaɗai ake ganin sa, ɓarnar zai riƙa yi don a gan shi. Kunya ba ta hana sa albarka ba.

Na sake haɗuwa da magidancin nan bayan wasu makonni, na ba shi labarin abin da na gani daga dakali. Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi bai ɗauka yaron yana riƙewa ba. Yana riƙewa. Dukansu suna riƙewa.

Kai da ke karanta wannan, kafin ka buɗe baki ka yi wa ɗanka alkawari ko gargaɗi, tsaya ka auna ko za ka iya cikawa. In ba za ka iya ba, ka ce masa yau babu, ya yi kukansa ya gama. In kuwa ka riga ka ce za ka kawo rake, to ko ka kai ƙofar gida ka tuna, juya babur ka koma kasuwa.